Na kai wasiƙun Kakanmu na Yaƙin Bama shagon kwamfuta a Katsina, ga yadda muka ƙare

Tun bayan sallar layya nake cewa zan rubuta wannan abun sai yau Allah ya nufa, don mutane da yawa cikin dangi da abokai sun ga hotunan da na tura suna ta tambaya ta wai ina aka yi mani aikin, nawa na kashe, kuma ya hannun nasu yake, to gara in faɗa sau ɗaya kowa ya ji. Sunan shagon dai ba zan sa ba, ban nemi izinin su ba kuma akwai inda zan faɗi laifin su. Shagon kwamfuta ne a nan cikin garin Katsina irin masu buga takardu da wankin hoto da sikanin, sai dai su sun ƙara da wani abu da ban taɓa gani wani wuri ba, akwai wani dattijon malami da suke kira yana karanta masu tsofaffin takardun ajami, na gado da na cinikin gona da wasiƙu, su kuma su juya su zuwa boko su buga maka.

Kakanmu na wajen uba yana cikin 'yan mazan jiya, ya je Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffin mu suke ce ma yaƙin Bama. Ya rasu ina ƙarami, abunda kawai na riƙe shine in aka yi ruwa mai ƙarfi sai ya fito zaure ya zauna shiru shi kaɗai, in ka matsa mashi da tambaya yace ku dai baku san ruwa ba. To bana da damina ɗakin Gwaggo ya yi yoyo, ita ce ɗiyar shi ta fari kuma ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan shi, muka je fidda kaya sai ga wata tsohuwar adaka ƙarƙashin gado, cikin ta akwai gafaka, cikin gafakar an naɗe takardu da wani ƙyalle. Wasiƙu ne guda 11 da littafin sallamar shi daga soja da lambobin yabo, ɗaya mai siffar tauraro da ƙyalle ja a tsakiya, gefe shuɗi da ruwan lemo, ita ce lambar da aka ba waɗanda suka yi yaƙi a Bama. Gwaggo tace tun rasuwar mahaifiyar ta bata buɗe ba, bata iya karantawa kuma tana tsoron a yaga mata.

Gaskiya halin da na same su sai da gaba na ya faɗi. Gara ta ci gefen guda ukku, biyu sun manne da juna saboda lema, wasu kuma rubutun fensir ne irin wanda in ruwa ya taɓa shi yake komawa ruwan shanshanbale, duk ya nashe. Ni abunda ke raina kawai a yi masu laminetin su huta, da wannan niyyar na shiga shagon.

Nan ne suka fara burge ni. Yaron da ke gaba har ya miƙo hannu zai amsa sai mai shagon ya taso daga ciki yace tsaya, ya duba ɗaya ba tare da ya warware ta ba, yace mani "Malam dan Allah kar ka sa a yi ma waɗannan laminetin, ko nan ko wani wuri." Nace saboda me, ai kuɗi na zan biya. Yace injin da zafi yake aiki kuma roba da gam ne ke kama takardar, in ta kama ta kama kenan har abada ba mai iya ɓare ta, in rubutun ya ƙara dushewa a ciki sai dai kallo, ga shi tsohuwar takarda irin wannan zafin kan shi na iya lalata ta. Wallahi mutumin nan kuɗi ya ture, don da ya yi shiru ya yi mani da na biya na tafi ina godiya ban san an cuce ni ba. Ya je ya wanke hannu ya goge, ya share tebur, ya shimfiɗa farar takarda, sannan ya shiga warware su ɗaya bayan ɗaya a hankali kamar mai juya jariri. Masu ƙwari ya ɗora su bisa gilashin sikana, bai sa su cikin irin wadda ke jan takarda da kan ta ba, waɗanda suka rube kuma ya ɗauke su da kyamara daga sama, gaba da baya, har ambulan ɗin da hatimin da ke jiki bai bari ba, yace watarana hatimin zai fi rubutun amfani. Biyun da suka manne yace ba zai taɓa ba sai ya yi shawara. Yaron shagon da ya ji muna cewa Bama ya ɗauka Bama ta jihar Borno ce, sai da mai gidan nashi ya yi mashi bayani cewa wata ƙasa ce can gaba da Indiya wadda yanzu ake ce ma Miyanma, kuma banga laifin yaron ba, ba a koya mana wannan a makaranta yadda ya kamata ba.

Kuɗin sikanin da ɗaukar hoto da zuba mani a filashi duka naira 9,000 ya amsa, karatun Malam kuma aka yi jinga 2,500 kowace wasiƙa har da bugawa. Ni dai ban ga tsada ba in aka dubi aikin.

Ranar da aka sa mana da Malam na ɗauko Gwaggo a Keke Napep muka je, to a nan matsala ta farko ta fito, shagon ba wurin da tsohuwa mai shekara tamanin da ɗoriya zata zauna, benci ɗaya ne kuma ɗalibai masu buga furojet sun cika shi, ba wuta, janareta na ta ruri bakin ƙofa ko maganar na kusa da kai baka ji. Malam da kan shi yace "Hajiya wannan ba wurin jin maganar mahaifi bane, ku koma gida ni zan zo." Shagon suka ce sai na ƙara 3,000 kuɗin zuwa gida, wannan kam ban ji daɗin shi ba tunda rashin wurin daga gare su ne, amma na biya.

Malam ya zo bayan la'asar ranar Asabar, aka yi shimfiɗa a tsakar gida, mata da yara duk suka taru. Bai taɓa ainihin takardun ba, kwafin da aka buga manya ya riƙe. Kuma a nan na gane karatun ajamin mutanen da sai wanda ya san shi, ni na yi allo ina iya jan baƙi amma na duba na duba ban fidda ko layi biyu ba, rubutun irin na warash ne, fa ɗigon ta ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, wani wurin babu wasali ko ɗaya, kalma guda tana iya zama abu ukku sai ka san maganar da ake. Malam in ya zo inda ya shige mashi sai ya tsaya ya tambayi Gwaggo, "Hajiya kuna da gona wajen kaza?" in tace eh sai yace to kalmar kenan. Inda bai gane ba kuma baya ƙirƙira, sai yace nan gara ta riga mu.

Wasiƙun guda 8 da hannun shi ya rubuta da ajami, ɗaya da boko ce wani akawun soja ya rubuta mashi, sai biyun nan da suka manne. Duk mahaifin shi yake rubuta ma wa, ba matar shi ba, don a lokacin wasiƙa in ta zo a zaure ake karanta ta liman ya karanta kowa na ji. Ta farkon daga Zariya ce inda aka horar da su, yana cewa a yi haƙuri da tafiyar da ya yi ba sallama mai kyau. Ta biyu yana ba da labarin jirgin ƙasa zuwa Ikko da jirgin ruwa, yace sun yi kwanaki har ya daina ƙirga ba ƙasa ba itace sai ruwa mai gishiri, mutane na ta amai, kuma shi babban abunda ya dame shi gabas, jirgi na juyawa basu san inda zasu fuskanta ba sai su bi rana. Wannan ya yi daidai da abunda aka sani, Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma a 1943 aka haɗa ta, sojan Najeriya da na Gwalkwas wato Gana ta yanzu da Saliyo da Gambiya, aka zagaya da su ta ƙasan Afirka har Bombay, daga nan aka tura su dajin Arakan, kwarin gulbin Kaladan, su fuskanci sojan Japan. Kaladan ɗin nan kuwa Gwaggo na jin na faɗa tace ai sunan da yake yawan ambata kenan, ita ta ɗauka sunan wani abokin shi ne.

Amma fa a cikin wasiƙun babu sunan wuri ko ɗaya na can inda suke yaƙin, inda ya gwada rubutawa a ta bokon an yanke da reza, ramin na nan ɗan siriri, ga hatimin mai tantancewa a jikin ambulan. Ba a bari soja ya faɗi inda yake. Shi yasa duk maganar shi sai dai "ƙasar da muke". Kuma ni na zaci zan ji labarin harbi da jarumta, wallahi kusan babu, abunda ke ciki ruwa ne da matsattsaku da kewar gida. Yace ruwa ake kwana bakwai ba a ga rana ba, takalmi baya bushewa ƙafa har ta yi fari tana saɓulewa, matsattsaku na shiga cikin wando sai dai ka ga jini, ana basu wata ƙwaya ruwan ɗorawa kullum saboda zazzaɓin sauro wadda ke sa jiki ya ɗashe. Yace babu hanyar mota, kaya a ka ake ɗauka ana hawa dutse ana sauka, abinci kuma jirgin sama ke jefo masu da lema, har wasiƙun gida a haka suke faɗowa, ranar da jirgi ya zo wanda bai samu takarda ba sai ya koma gefe ya yi tagumi. A ɗaya mai watan Ramalana yace ya ɗauki azumi kwana kaɗan ya kasa saboda tafiya, a tambayar mashi Malam liman yadda zai rama, Malam mai karatu ya haɗa watan da hatimin gidan wayan soja ya fidda mana cewa azumin 1363 ne, wato wajen Agusta da Satumba na 1944, tsakiyar damina can. Ka ga amfanin hatimin da mai shago ya nace sai an ɗauka.

Akwai inda yace sun tarar da Musulmi a wani ƙauye, basu jin Hausa shi baya jin yaren su, amma da aka tada salla Fatiha ɗaya ce, suka ba shi shinkafa da kifi. Jiki na ya yi sanyi da na tuna yankin Arakan ɗin nan shine jihar Rakhine da muka riƙa ji a rediyo a 2017 ana koro Musulmin Rohingya zuwa Bangaladash. Akwai kuma ta ta'aziyya, labari ya kai masu Sarki Dikko ya rasu, shi da ya yi sarautar Katsina tun 1906 har 1944, yace Katsinawan da ke tare da shi sun haɗu sun yi mashi addu'a cikin daji, daga baya ya ji sabon Sarki Usman Nagogo ya zo har ƙasar ya gano soja amma shi bai samu ganin shi ba suna can ciki.

Sauran duk lissafin gida ne. Ko kuɗin da yasa a riƙa cire mashi daga albashi suna isowa ta baitulmalin En'e, a biya damin gero biyu da ake bin shi, kar a saida jakin shi, a yi ma ɗakin inna yaɓe kafin ruwa ya sauka. Sai kuma abunda ya sa kowa kuka. Ya tafi ya bar kakarmu da ciki, a wasiƙa ta huɗu ya ji an haihu, to kun san kunyar ɗan fari, tun daga nan har ta ƙarshe bai taɓa rubuta sunan yarinyar ba, sai dai can ƙasa bayan ya gama gaida kowa har maƙwabta yace "ya baƙuwar nan, ta fara zama?", wata kuma "baƙuwar nan ta yi haƙori?", wata "a saya ma baƙuwa munduwa cikin kuɗin". Matar shi kuwa cewa yake a gaida wadda ta san kan ta. Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska tace "ni ce baƙuwar, ni ce", tace har ya rasu bai taɓa kiran sunan ta ba kuma bai taɓa ɗaukar ta gaban mutane ba, ta girma tana zaton bai damu da ita ba kamar ƙannen ta maza. Malam ya aje takardar ya yi shiru sai da ta natsa sannan ya ci gaba, wannan dattakun nashi ba zan manta ba.

To yanzu laifin su, kuma ba ƙarami bane a wuri na. Sun ce sati ɗaya zasu buga mani bokon, sai da aka yi kusan sati biyar, in na kira ba a ɗauka, in na tura saƙon WhatsApp a gani a yi shiru, in na je ace mai bugawa ya tafi makaranta ko ba wuta. Wannan duk zan iya haƙuri da shi. Abunda ya ɓata mani rai shine da aka bani takardun na zauna karantawa sai naji ba muryar da naji a bakin Malam bace. Yaron da ya buga ya bi ya "gyara" Hausar. Inda Kaka yace "ku hwaɗa mashi" ya maida "ku faɗa masa", "shina nan" ta koma "yana nan", ukku ta koma uku, gulbi ya koma kogi, ɗiya ta koma 'ya, har doguwar gaisuwar nan ta buɗe wasiƙa, gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci, ya datse ta wai maimaici ne duk iri ɗaya. Mafi muni, wurin da aka yanke da reza ya cike da kan shi ya rubuta Indiya, abunda Kaka bai rubuta ba ko ya rubuta ba wanda ya sani. Ga jerin ma ya hargitsa, ta haihuwa ta riga ta jirgin ruwa.

Na koma raina a ɓace nace ma mai shagon ni ba jarrabawar Hausa na kawo a maka ba, maganar kakana na kawo, Bakatsine ne kuma da Katsinanci ya yi magana, in an sauya mashi harshe to wa zan nuna ma 'ya'yana? Yaron ya fara cewa ai haka daidaitacciyar Hausa take haka aka koya masu, mai shagon ya tsawata mashi, ya bani haƙuri sosai, yace laifin shi ne da bai duba ba kafin a bani. Abunda ya cece mu shine ƙanwata ta naɗi muryar Malam a waya ranar karatun, da wannan aka zauna aka sake bugawa kalma bayan kalma, inda gara ta ci ko aka yanke aka sa ɗigo-ɗigo aka bar shi a haka, kuma basu ƙara amsar ko kwabo ba, kwana huɗu suka gama. Saboda haka duk wanda zai kai irin wannan aikin, ko can ko wani wuri, dan Allah ya naɗi karatun a waya, ya kuma faɗa tun farko da babbar murya cewa kar a gyara ko harafi ɗaya, kuma kar ya biya cikon kuɗi sai ya zauna ya gwada da abunda aka karanta.

Firam ma sun yi mani guda ɗaya na kwafin wasiƙar baƙuwa, 6,000, katakon bashi da kyau kusurwa ɗaya har ta fara buɗewa, wannan ku kai wajen masu firam na ainihi. Amma shawarar da ya bani da kyau, yace kwafi ake ratayewa a bango, ainihin kuma a sa farar takarda tsakanin kowace ɗaya, a shimfiɗe ba a naɗe ba, nesa da rana da lema, ba cikin leda ba don leda na tara gumi. Hotunan kam ba magana, in ka zuƙo a waya har sawun fensir kana gani, wani layin da ido baya gani a takardar ya fito da suka ƙara mashi duhu a kwamfuta, a nan ma muka samu maganar munduwar.

In za a tambaye ni maki, kula da takarda da gaskiyar mai shago goma cikin goma, Malam shi ya wuce maki, bugawa da cika alkawari kuwa huɗu ma na yi masu kara. Zan sake kai masu aiki? Eh zan kai, amma ido na a kai.

Tun daga ranar in na bi ta Kaduna naga an rubuta barikin Dalet ko Kalapanzin, ko Chindit a Zariya, sai in ji wani iri, ashe duk sunaye ne daga wancan yaƙin, haka Myohaung da Arakan a Legas, Myohaung ɗin nan garin da sojan Afirka ta Yamma suka ƙwace ne a Janairun 1945. Japan ta miƙa wuya a Agustan shekarar, amma Kaka littafin sallamar shi 1946 ya nuna, wato ya dawo ya tarar da baƙuwa tana gudu tana magana, Gwaggo tace an gaya mata ɓoyewa tayi bayan turmi ta ƙi zuwa wurin shi.

Biyun da suka manne har yanzu suna wurin mai shagon cikin fayil, yace ya yi magana da wani da ya taɓa aiki da tsofaffin takardu zai zo ya duba ko zasu rabu ba tare da an yi asarar rubutun ba, ni kuma nace in akwai shakka ko kaɗan a bar su yadda suke. Gwaggo ce bata yarda ba, kullum na shiga gaishe ta sai tace "ɗan nan, an buɗe sauran?" don ta lissafa ta ga su ne na ƙarshe kafin ya dawo, tana so taji ko ya tambaya ta fara tafiya. Asabar mai zuwa in Allah ya kaimu zan koma in ji.